Sawun Ƙarshe Na Direba Ne

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo tun asuba, wai na bar Hajiya tsaye da takardar kotu a hannu har kwana biyu, to ga shi na samo mata kujera. Ke kuma da kika ce za ki zo har gida ki tsare ni sai na rubuta, bismillah, amma ki taho da jarka biyu. Famfon layinmu yau kwana shida ko ɗigo bai yi ba.

*

Sau uku ke nan Farhana tana karanta mata takardar, sau ukun kuma Hajiya Mashudatu tana tare ta a wuri ɗaya.

"Tsaya. Sunan wa kika ce yana sama?"

"Naki, Mma."

"Na Mutaru fa?"

"Yana ƙasa. Shi ne na biyu."

Hajiya ta gyara zama a kujerar roba, ta ƙura wa takardar ido kamar sunayen za su ji kunya su sauya wuri. Ba su sauya ba.

"Ni dai a bar ni in gane. Waccan Asabar ɗin ina ina?"

"Jisonayili, gidan biki."

"Katangar kuma a ina ta faɗi?"

"Tishigu."

"Wa ke riƙe da sitiyari?"

"Mutaru."

"To ni da nake Jisonayili ina rawa, da wane hannun na karya mace a Tishigu?"

Farhana ta sauke numfashi. Ta miƙe ta jona wayarta a soket ɗin da ke bayan kujerar Hajiya, don tun jiya babu wuta a unguwarsu, sannan ta dawo ta zauna. 'Yar ƙanin Hajiya ce, a hannunta ta tashi, shi ya sa take ce mata Mma, yanzu kuma lauya ce mai baƙar riga. Amma a wannan tsakar gidan na unguwar Gumbihini har gobe ita ce yarinyar da ake aika sayo magi.

Maganar dai ga yadda take. Mako uku da suka wuce, Mutaru, direban tankar ruwan Hajiya na shekara goma sha ɗaya, ya shiga wani matsattsen lungu da baya. Gindin motar ya daki katangar ƙasa, katangar ta rufto kan Azeta mai koko da ƙosai. An sa mata ƙarfe a ƙugu. Likitoci ba su ce za ta taka ba, ba su kuma ce ba za ta taka ba. Yayanta Mba Andani ya ɗauki lauya. Inshorar motar kuwa ta mutu kwana tara kafin ranar, Hajiya tana ta cewa gobe, gobe. Don haka in kotu ta ɗora mata nauyin, babu abin da za a kama sai tankar nan da ke tsaye a ƙofar gida. Ita ke nan gare ta. Ita ta gina ɗakunan nan uku, ita ta kai ta Makka, ita ta yi wa wannan Farhanar karatun lauya.

"Mma, bari in tuna miki," in ji Farhana. "Lokacin da kike sayar da wake da shinkafa a tasha, Sista Fusena ce ke zubawa, ko?"

"Ita ce."

"Ranar da mutumin nan ya tauna tsakuwa haƙorinsa ya tsage, wa ya zo yana nema?"

"Ni mana."

"Ke kika zuba masa?"

"Ai tukunyata ce."

"To shi ke nan. Doka ma haka ta gani. In kin sa mutum aiki, ya yi ɓarna yana cikin aikin naki, to ke ma kin yi."

"Ko ba na wurin?"

"Ko kina Makka."

"Ko ban sani ba?"

"Ko ba ki sani ba."

Hajiya ta tafa hannu, ta waiga hagu da dama tana neman wanda zai taya ta mamaki. Ba kowa sai kaji.

"Wannan wace irin doka ce? Wani ya yi, wani ya ɗauka?" Sai kuma fuskarta ta washe, ta ɗaga yatsa. "Af! To ai ba aikina yake yi ba. Sawun ƙarshe ne. Sawun ƙarshe na direba ne, har jariri ya sani."

A tasharsu haka ƙa'idar take, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Duk ruwan da direba ya kai daga safe na mai mota ne. Na ƙarshe, kafin a ajiye mota, nasa ne. Ya kai wa wanda ya ga dama, ya sayar yadda ya ga dama, mai mota ba ya tambaya. Tambayar ma abin kunya ce. Haka Hajiya ta tarar ana yi, haka take yi.

"Ita ce ƙofar da nake nema mana," in ji Farhana. "Amma sai kin amsa mini tambaya ɗaya. Sawun nan, kyauta kike ba shi ko albashinsa ne?"

"Sawun ƙarshe ne."

"Na ji. Kyauta ko albashi?"

"Na ce miki sawun ƙarshe ne, Farhana. Ko Hausar ce ta fara yi miki wuya?"

"Mma, saurara. In kyauta ce, wato ya gama aikinki, kin ara masa mota ya tafi harkarsa, to muna da bakin magana. Mu ce a lokacin kansa yake wa aiki. Amma in da sawun kike biyansa, to sawun ma cikin aikin yake. Lauyansu zai ce ba ki rabu da shi ba har sai ya kashe mota ya miƙo miki makulli."

Kan Hajiya ya ɗaure tamau.

Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, ita ma ba ta taɓa yi wa kanta ba. In ana hira tana cewa, "Ni ai ina kyautata wa direbana, kullum ina bar masa sawu." Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan makoki. Amma ta kuma sani sarai abin da take miƙa masa ƙarshen wata ba zai riƙe gida mai 'ya'ya biyar ba. Da sawun nan matarsa ke ɗora tukunya.

"Duka biyu ne," ta ce a hankali.

"Kotu ba ta da duka biyu."

"To kotun ce ba ta san tanka ba."

Ana cikin haka sai ga kan Latifatu maƙwabciya ta saman katanga, ɗankwali a karkace.

"Hajiya, sannu da hutawa. Ko ruwa bokiti biyu ne a taimaka mini, wanki ya taru."

Hajiya ko waiwaye ba ta yi ba. Idonta na kan takarda ta ce, "Ki ce wa Mutaru ni na ce."

Kan Latifatu ya ɓace.

Farhana ta ajiye biro.

"Mma, sau nawa kike faɗin wannan a rana?"

"Wanne?"

"Abin da kika faɗa yanzu."

"Me na faɗa?"

Wallahi da gaskiyarta take tambaya. Bakin Hajiya Mashudatu ya riga kunnenta saurin tafiya, duk Gumbihini an san da haka. Ba ta iya cewa a'a ba, ba ta kuma da lokacin sauraron roƙo har ƙarshensa, sai ta samo wa kanta gajeriyar hanya. Mai neman ruwa, mai neman a rage masa hanya, mai neman aron tiyo, amsarsu ɗaya ce. Ta faɗa ta wuce, kafin ta kai ƙofa ta manta. Da wannan bakin ta yi suna, da shi ake sa mata albarka.

"Mma, kalle ni." Farhana ta matso da kujera. "Ranar nan, kin tabbata ba ki aike shi ba? Ba ki ce wa kowa komai ba?"

"Ni? Ina gidan biki fa. Ganga a nan, lasifika a can, ko muryata ba na ji. Wayata ma a jaka ta wuni. Ba ke kika duba ta ba?"

"Na duba. Ba kira, ba saƙo."

"To. Kuma lungunan Tishigu ni da bakina na hana shi shiga. Tun shekarar da madubi ya fashe. Kira shi ki ji."

Mutaru na zaune a inuwar tankar tun hantsi, hularsa a gwiwa. Da aka kira shi ya shigo, ya cire takalmi nesa da tabarma, ya durƙusa. Ya rame. Gemun da ya saba gyarawa duk Juma'a ya yi buya-buya.

"Zauna a benci," in ji Hajiya.

"Nan ma ya yi, Hajiya."

Farhana ta juyo gare shi, muryarta ta koma ta ofis.

"Baba Mutaru, kafin ka ce komai, ka sani ni ba lauyarka ba ce. Ta Mma ce. Abin da zai fid da ita, shi zai danne ka. Ya kamata ka nemi naka lauyan. Ka gane?"

"Na gane."

"In kotu ta yarda harkarka ka tafi, duk nauyin kanka zai dawo. Babur ɗinka, filin nan naka da ka fara tara bulo, duk za a iya taɓawa."

"Na gane, lauya."

Hajiya ta dube shi, ta dubi Farhana. Ita ce ba ta gane ba. Ta ɗauka in an ce ba ita ba ce, shi ke nan magana ta mutu, kowa ya kama gabansa. Ashe nauyin ba ɓacewa yake ba, wuri yake sauyawa.

"Wai tsaya. In an cire sunana, nasa fa?"

"Nasa ya hau sama, Mma. Shi kaɗai."

"Ba za a iya cire duka biyun ba?"

"Azeta tana kwance da ƙarfe a ƙugu. Dole suna ɗaya ya tsaya."

Hajiya ta juya kan Mutaru da faɗa, don faɗa ya fi mata sauƙi a kan tunani.

"Kai ma dai! Ban hana ka lungunan nan ba?"

"Kin hana."

"To me ya kai ka?"

Ya shiga murza hula.

"Da kai nake, Mutaru. Me ya kai ka?"

"Ruwa ya kai ni, Hajiya."

"Ruwa! Ruwan ne ya riƙe sitiyari?"

"Tirif na ne." Shi tirif yake ce wa sawu, kamar sauran 'yan tasha, kuma Hausarsa ta Dagomba ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Matan ya ce kwana sha ɗaya ba ruwa a gidansu. Na shiga da baya. Mota ya taɓa bango, bango ya faɗi. Laifi na ne. Ki sa hannu."

"Wa ya aike ka?" in ji Farhana.

"Tirif na ne."

"Ban tambaye ka sawun wa ba. Na ce wa ya aike ka?"

Ya ɗago ya kalli Hajiya. Kallon bai daɗe ba. Ba kallon mai laifi ba ne, ba kuma na mai roƙo ba. Ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Ba kowa," ya ce, ya mayar da kai ƙasa.

Farhana ta daɗe tana dubansa. Sannan ta jawo wata takarda daga jaka, mai shafi biyu, ta shimfiɗa a kan tire.

"Wannan bayaninki ne, Mma. Abu uku ya ce. Sawun ƙarshe kyauta ce kike ba shi bayan ya tashi daga aikinki. Kin hana shi shiga lungunan Tishigu. Ranar kuma ba ki aike shi ko'ina ba. Yau ce ranar ƙarshe ta shigar da shi, ƙarfe uku suke rufe karɓa. In akwai kalma ɗaya da ba gaskiya ba, ki faɗa mini yanzu. Takardar da ta shiga kotu ba a ce mata dawo."

"Na biyu gaskiya ne. Na uku gaskiya ne."

"Na farko fa?"

Hajiya ta dubi Mutaru. Kyauta. Wato shekara goma sha ɗayan nan da yake fita tun kafin rana, yana bin layin famfo, yana jan tiyo har kafaɗarsa ta yi kanta, abin da yaransa ke ci alfarma ce kawai take yi masa. Haka takardar ta ce. Kuma da bakinta ta sha faɗin haka a gidan suna, to yau me ya sa kalmar take mata ɗaci?

"Mutaru, kyauta ce ko?"

"Yadda kika ce, Hajiya."

"Ba yadda na ce ba. Kai ya kake ganinta?"

"Ni direba ne. Ki sa hannu, lokaci yana tafiya."

Ta leƙa ta ƙofa. Tankar na nan tsaye, shuɗin fentinta ya koɗe, an rubuta ALLAH NE MAI YI a goshinta. Ta tuna ranar da aka kawo ta daga Kumasi, mata suka yi guɗa, ita kuma ta shiga ɗaki ta yi kuka don ta san ta rabu da hayaƙin murhu. Shekararta hamsin da takwas. Gwiwoyin nan ba za su sake tsayuwa a gaban tukunya ba.

Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba. Tsoro tsagwaronsa.

Ta karɓi biro. Ta zana sunanta da manyan baƙaƙe, yadda Farhana ta koya mata tun tana firamare.



Farhana ta duba agogon hannunta, ta zabura. "Biyu da kwata!" Ta tura takardun a jaka, ta saɓa mayafi, ta fice. Suka ji ta ta da babur, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace.

Mutaru ya miƙe zai fita.

"Ka ci abinci?" in ji Hajiya, ba tare da ta kalle shi ba.

"Alhamdu lillahi."

"Akwai tuwo a kula."

"Na ƙoshi, Hajiya."

Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ƙin tuwon gidan nan ba.

Bai kai ga takalminsa ba aka yi sallama. Wani dattijo ne dogo, da rigar saƙi wadda ta sha wanki, ya jingine kekensa a jikin tankar. Hajiya ba ta taɓa ganinsa ba, amma yadda Mutaru ya daskare da takalmi ɗaya a hannu ya isa ya gaya mata ko wane ne.

"Antire," in ji dattijon, gaisuwar rana ta Dagbanci.

"Naa," ta amsa. "Mba Andani ne?"

"Ni ne."

"Bismillah, ga benci. Amma lauyata ta fita. An ce mini kada in yi magana da ku sai tana nan."

"Ni ma nawa ya ce kar in zo." Ya zauna, ya ɗora hannu a gwiwa. "Ba lauya ya aiko ni ba. Azeta ya aiko ni."

Shi ma Hausarsa irin ta Mutaru ce.

"Ya jikin nata?"

"Yana kwance. Kin aiko da abinci sau biyu, mun gode. Amma kullum yana tambaya, Hajiya bai zo ba? Na ce bai zo ba. Ya ce ƙila kunya yake ji."

"Ni ban ma san ta ba, Mba. Ko a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba. Amma Allah ya sani na tausaya mata."

Dattijon ya dube ta, ya dubi Mutaru, ya sake dubanta. Yanzu shi ne ya shiga ruɗu.

"Ba ki san shi ba?"

"Wallahi ban san ta ba."

"Shi ya dama kokon gidan biki a Jisonayili. Ya ce kin sha kofi biyu, kin ce ba ki taɓa shan koko mai daɗinsa ba."

Hajiya ta yi ƙoƙarin tunawa. Koko. E, an sha koko da hantsi, mai kanumfari da yawa. Akwai wata mace gajera mai shuɗin mayafi a bakin tukunyar. Ko kore ne? Mata sun fi ɗari a gidan nan, kowacce ta gaishe ta, rabinsu kuma da buƙata a bakinsu.

"To don na sha koko?"

Mba Andani ya sa hannu a aljihu ya fito da waya. Ƙarama ce, an ɗaure bayanta da roba, gilashinta sabo fil.

"Wayan Azeta ne. A ƙarƙashin bango aka tono shi. Jiya mai gyara ya gama."

"Mba," in ji Mutaru da sauri. Muryarsa ta sauya. "Mba, don Allah bar shi. Na ce tirif na ne. Na gaya wa 'yan sanda, na gaya wa lauya. A bar shi haka."

"Kai yi shiru, ba kai aka aiko ni wurinka ba."

"Wai mene ne?" Hajiya ta miƙe tsaye. "Me za a bari? Ku yi mini magana yadda zan gane, tun safe ake juya ni!"

Dattijon ya danna wayar da babban yatsa, ya ɗora ta a kan tiren da aka sa hannu a takarda ɗazu.

Ganga ce ta fara fitowa. Ganga da guɗa da ƙarar lasifika. Sai wata siririyar murya kusa da wayar: "Hajiya, ba zai yarda ba in ni na faɗa, ya ce kin hana shi lungunmu. Ki faɗa masa a nan."

Sai dariya. Dariyar da duk Gumbihini suka sani.

"Mutaru! Ni ce. Ka kai wa baiwar Allahn nan ruwa har ƙofar gida, ka ji? Kar ka ce mini lungu, ka shiga da baya mana, kai ba direba ba ne? Sawun ƙarshen yau nawa ne, sadaka na yi da shi. Gobe ka ɗauki biyu. Ni na ce!"

Gangar ta ci gaba kaɗan, ta yanke.

Kaza ɗaya ta ratsa tsakar gidan, ta tsaya tana kallonsu.

Hajiya ba ta san lokacin da ta koma kan kujera ba. Ta ji muryar, ta san muryar, amma ta laluba kanta kaf ba ta samo lokacin da ta faɗi maganar ba. Sai can, kamar abin da ya faɗa rijiya ya taso, ta ga hannu yana miƙo mata waya, ita kuma tana gyara ɗaurin kai da ɗaya hannun, ana jan ta zuwa fili.

Ta juya a hankali.

"Mutaru. Ka ji wannan?"

"Na ji."

"Ranar?"

"Ranar. Shi ya sa na shiga."

"Ina wanda aka turo maka?"

"Na goge. Tun a asibiti."

"Don me?"

Ya ajiye takalmin a ƙasa.

"In mota ya tafi, ke kin faɗi, ni ma na faɗi. In ni kaɗai ne, ko ba komai mota yana nan." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma na ɗauka kin tuna, Hajiya. Mako uku ina jira ki ce mini, Mutaru, na sani, ka yi haƙuri. Shi kaɗai nake jira. Da kika tambaye ni me ya kai ni, na rasa ko gwada ni kike."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta yi masa faɗa a gaban yarinyar da ya goya a babur zuwa makaranta. Ta kira abincin 'ya'yansa kyauta. Ta sa hannu cewa ba ta aike shi ba, yana durƙushe yana kallo, ya san abin da ya sani.

Takardar!

Ta zabura ta kalli agogon bango. Uku saura ashirin da biyar.

"Lauyanmu bai ji wannan ba tukuna," in ji Mba Andani. "Azeta ya hana. Ya ce alheri kika yi masa, ba zai kai muryanki kotu ba sai an fara kawo miki har gida. Ya ce in tambaye ki abu ɗaya, in koma masa da amsa kafin la'asar."

Hajiya ba ta tsaya jin tambayar ba. Ta wawuri wayarta, yatsunta na kuskure, ta lalubo sunan Farhana ta danna.

"Ɗauka, 'yar nan. Ɗauka. Kar ki miƙa musu."

Ta kara a kunne. Ta shiga.

Sai ƙara ta tashi a bayan kujerarta.

Su ukun suka juya. Ga wayar Farhana nan a ƙasa, jone da soket, tana haske tana rawa a kan siminti, an rubuta MMA a fuskarta.

Mba Andani ya ɗauki wayar ƙanwarsa daga kan tire, ya riƙe ta a tafin hannu.

"Hajiya," ya ce. "Muryan wa ne?"